Darasin eshek na “Tsaya nan” da nike bi ta WhatsApp, ga abin da na gani a ciki

Jama'a salamu alaikum. Tun ranar da na sa hoton allon eshek a sitati mutane ke ta biyo ni ta bayan fage, wane darasi ne wanga, nawa ake biya, wa ke koyarwa, kuma wai da gaske mutum na ƙaruwa ko ko cin mega ne kawai. To maimakon in yi ta maimaita vokal guda ga kowa bari in rubuta shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta shi tura ma ɗan uwanshi. A gajarce dai darasin ya ci kuɗɗinshi, amma ba kowa zai amfana da shi ba, kuma akwai wuraren da har yanzu ban gamsu ba, su ma zan faɗe su.

Wani malami ne nan cikin garin Maradi, ba zan sa sunanshi ko lambarshi ba tunda bai ce in yi mishi talla ba, shi ya buɗe gurup na WhatsApp don masu son wasan eshek, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma ces. Jikka biyu ake biya a wata, ko ka kai mishi hannu da hannu ko ka tura ta Nita ko Amana, ƴan lakol kuma jikka guda. Ba ya koyar da yadda doki ke tsalle ko yadda ake rok, wato sarki da tur, mai kamar hasumiya da ke lungun allo, su gitta juna a taku guda don sarki shi ɓuya a gefe, wannan ya ɗauka ka zo da abinka. Abu guda ya riƙe, kai ma sarki farmaki, kuma ta hanya guda: shi ɗauko parti, wato cikakken wasa da aka taɓa bugawa, na manyan gwanayen duniya, shi bi da ku taku bayan taku, in an kawo wani wuri sai shi tsaya cak shi turo hoton allo da kalma biyu a ƙasa, “Tsaya nan.” Shi ke nan ba za ka sake jin shi ba sai washegari da dare. Kai ne za ka zauna ka duba, ka turo takun da za ka yi in da kai ke zaune a kujerar, kuma dole ka haɗa da dalili, ko a rubuce ko da vokal. Wanda ya turo taku tsirara ba dalili Malam ba ya ko kula shi, sai dai ka ga ya maido maka “don mi?” Ran asabar bayan la'asar kuma waɗanda ke cikin gari su haɗu ƙofar gidanshi ƙarƙashin bedi, a baza allo na gaske a sake bin partin da hannu.

Abin da ya sa na ga hanyar tana da ma'ana shi ne yadda mu nan muke wasa. Yawancinmu a portabul munka koya, a aplikasiyon ɗin Lichess tunda kyauta ne kuma akwai shi da faransanci, kuma kusan kullum wasan minti uku ko biyar muke bugawa a fada ana jiran shayi na biyu. Irin wanga wasa shina saba ma mutum da gudu iri guda, taku na 5 da taku na 25 duk daƙiƙa biyu kake ba su, alhali a parti guda wuraren da ainihin magana take ba su wuce biyu ko uku ba, sauran duk shiri ne da gyaran zama. In ka wuce wurin da gudu to ya wuce, abokin wasanka ya yi rok, dokinshi ya dawo gadi, ƙofar da ta buɗe ta ruhe. Malam yakan kawo maganar Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya na farko a 1886, cewa wanda ke da rinjaye dole ne shi kai hari in ba haka ba rinjayen zai zube mishi. Duk darasin a kan gane wanga lokaci aka gina shi.

Partin da ya fara da shi kusan kowa ya taɓa ganinshi a bidiyo, na Paul Morphy ɗan Amurka da ya buga a gidan opera na Paris a 1858, shi kaɗai da wasu masu sarauta biyu da sunka haɗa kai, Duke na Brunswick da Count Isouard. Kowa ya san ƙarshen, Morphy ya ba da sarauniya a b8 a taku na 16, tur ta sauka d8 a na 17, mat, wato sarki ya rasa mafita wasa ya ƙare (irin su b8 da d8 ɗin nan sunayen gidajen allo ne). Sai munka zaci nan za a tsaya. Ina! Malam ya tsaida mu tun taku na 8, wurin da ba wani abin kallo a allon. Sarauniyar Morphy tana b3, piyon ɗin b7, wato ƙaramin sojan gaba, ba mai gadinshi, baƙi, wato ɓangaren abokan karawar Morphy, ya kawo sarauniyarshi e7. Kusan duk gurup ɗin cewa sunka yi a ci b7, piyon na banza wa zai bari. Da dare Malam ya nuna cewa e ana iya ci, amma baƙi zai ba da eshek, wato barazana ga sarki kai tsaye, da sarauniya a b4, dole a yi musanyar sarauniyoyi, ka samu piyon guda amma wutar ta mutu, sarkin baƙi da ke maƙale a tsakiya ya samu numfashi. Morphy doki kawai ya fitar zuwa c3, taku mai sanyi, don ya ga sarauniyar da ke e7 ta toshe ma fu ɗin f8 hanya, fu shi ne mai tahiya a karkace, in fu bai fita ba sarki ba zai yi rok ta wannan gefe ba, kenan lokaci ya fi piyon tsada a wurin. Wallahi wanga bayani kaɗai ya biya ni kuɗɗin watan, don duk ganin da na yi ma partin a da ba wanda ya taɓa tsayawa a nan.

Tsayawa ta biyu a partin ita ce bayan baƙi ya turo piyon b5 shina korar fu. A nan ya koya mana ƙirga, kuma ita ce al'adar da ta fi zauna mini. Ka ƙirga naka da ke filin daga, ka ƙirga nashi da ke iya kare sarki da gaske, ba waɗanda ke allon kawai ba. Na Morphy sarauniya ta fito, fu biyu sun fito, doki ya fito, rok guda zai kawo tur a layin d. Na baƙi kuwa dokin b8 bai motsa ba, tur biyu suna lungu, fu na f8 a ɗaure, dokin f6 ma fu ɗin g5 ya danne shi. Da ka yi wagga ƙirga sai ka ga ba da doki a b5 ba wata jarumtaka ba ce, lissahi ne, don in ka ja fu baya ka ba shi taku guda na fitar da doki to duk abin da ka tara ya fara narkewa. A ƙarshe tur guda da fu guda sunka rage ma Morphy banda piyon, kuma su sunka isa.

Wanda ba zan manta ba shi ne na Emanuel Lasker da Bauer, Amsterdam 1889, lokacin Lasker shina da shekara 20, bai kai ga zama zakaran duniya ba sai 1894, ya kuma riƙe kambun shekara 27. Wanga a zaman asabar munka yi shi. Allon Malam irin na leda ne da ake naɗewa, gefenshi guda ya tashi sai an danne da kofin shayi, piyon fari guda ya ɓace an sa marfin kwalba a madadinshi, mu kusan goma mun zagaye tabarma wasu a tsugune wasu bisa benci. An kai taku na 14, Lasker ya kai doki h5, Bauer ya ci da dokinshi na f6. Malam ya janye hannu ya ce tsaya nan. Ai kowa hannunshi na ƙaiƙayi shi rama da sarauniya, an ci maka doki ka ci doki, mi ya rage? Sai wani dattijo da muke ce ma Baba Alhaji, tsohon ɗan dara ne da ya shigo eshek da girma, ya ce a'a ku dakata, in kun ci yanzu zai turo piyon f5 shi toshe ma fu hanya, ku duba dokin da ke gadin sarki ai ya bar gida. Haka ne kuwa. Lasker bai rama ba tukuna, ya jefa fu a h7, sarki ya ci, sannan sarauniya ta ci dokin h5 da eshek, sarki ya koma g8, sai ya sake jefa fu na biyu a g7, sarki ya sake ci, gaban sarki ya zama fili fetal, sarauniya ta ba da eshek a g4, tur ta hau f3 za ta zagayo h3. Muna ta kabbara muna cewa an gama. Malam ya ce ba a gama ba, ku ci gaba. Bauer ya turo e5 don sarauniyarshi da ke c6 ta samu hanyar zuwa h6, ya ba da ita a kan tur, ƙura ta lafa, sai Malam ya ce to ku ƙirga. Munka ƙirga, fari, wato Lasker, na da sarauniya da tur, baƙi na da tur biyu da fu biyu, kai in haka abin ya tsaya ai baƙi bai yi asara ba. Wurin ya yi tsit. Wani yaro ɗan kolej da ke zuwa da kayenshi na lakol, bai cika magana ba, ya miƙa yatsa a hankali ya taɓa d7 ya ce “Malam, in sarauniya ta zo nan fa, fu biyun duka tana kallonsu.” Malam ya miƙa mishi hannu sunka gaisa. Wannan shi ne taku na 22, kuma shi ne ƙashin bayan duk abin, don in babu shi ba da fu biyun nan ganganci ne. Abin da Malam ke so mu gane shi ne tun a taku na 15 ya kamata mutum shi hango har can, ko aƙalla shi lura cewa fu na b7 da na e7 suna layi guda, in sarauniyar baƙi ta bar c6 ba mai gadinsu. Ba girin-girin ba dai ta yi mai.

Mu ƴan Maradi bai kamata wanga abu shi yi mana wuyar ganewa ba, don duk wanda ya taɓa zama filin kokowa ya san ƴan kokowa biyu na iya daɗewa suna zagaye suna taɓa hannu ana ta kiɗa ba abin da ke faruwa, gwani kuwa ba ƙarfi yake jira ba, jira yake abokin karawa shi ɗora nauyinshi a ƙafa guda, ƙiftawar ido ce, in ya shiga a lokacin an yi kaye, in ya makara ko ya yi gaggawa shi za a kayar. To haka allon yake, sai dai a nan kana da damar zama ka ƙirga.

Yanzu ga inda na fara samun damuwa da tsarin. In an ce maka tsaya nan, ai an riga an ba ka rabin amsa. Ka san akwai wani abu, sai ka shiga neman abin da za ka sadaukar. A wasanka na gaske kuwa ba mai dafa kafaɗarka shi ce tsaya. Wannan shi ne kuma aibin wasannin warware matsala da ke cikin aplikasiyon na kyauta, suna da amfani sosai wajen kaifafa ido amma kullum an riga an gaya maka akwai nasara a ɓoye. Na faɗa ma Malam haka kai tsaye, na ce Malam gafarta, mu fa a gane wurin ne muke da rauni ba a warware shi ba. Bai ji haushi ba, ya ce in yi haƙuri mataki na biyu na tahe. Kuma da ya zo, gaskiya shi ne zuciyar darasin. A nan ba ya turo hoto, parti gaba ɗaya yake turowa ba alama ba sharhi, har sunayen masu wasan yakan cire, kai za ka bi ka ce a taku kaza ne ya kamata a tsaya, kuma ga alamar da ta nuna maka.

Da haka munka yi partin Donald Byrne da Bobby Fischer na New York a 1956, Fischer shina yaro ɗan shekara 13. Kowa ya nuna taku na 17, inda Fischer ya bar sarauniyarshi a ci ya kai fu e6, daga nan doki da fu sunka yi ta wujijjiga sarkin fari da eshek har ya tara tur da fu biyu da piyon a madadinta. To wannan ko makaho ya gan shi. Mutum biyu ko uku kawai sunka nuna taku na 11, inda Byrne ya sake motsa fu ɗin da ya riga ya fitar, daga f4 zuwa g5, alhali sarkinshi na nan e1 bai yi rok ba, ɗaya fu ɗin ma bai bar f1 ba. Fischer ya amsa da doki a4, wurin da za a iya cinye shi, amma in an ci sai ɗaya dokin shi ci e4 shi haɗa sarauniya da fu a baki guda. Malam ya ce ga darasin nan: ƙararrawar ba a takunka take bugawa ba, a takun abokin wasanka take. Duk sanda ya motsa abu guda sau biyu sarkinshi na tsakiya, ko ya janye mai gadi, ko ya tura piyon na gaban sarki ba dole, ko ya bar wani abu ba mai kare shi, to cire hannunka daga allo. Tun daga ranar na canja yadda nike kashe lokacina, har na rage wasan minti uku na koma na minti goma sha biyar, don a minti uku ko ka ji ƙararrawar ba ka da sararin amsa ta. Da ni ke tsara darasin da tun satin farko zan riƙa cakuɗa mataki na biyun nan a ciki, bai kamata a jinkirta shi har mutane su saba da a tauna musu ba.

Damuwa ta biyu ta fi girma. Kusan duk partin da ake kawowa wanda farmakin ya yi nasara ne, kuma da yawa tsofaffi ne na zamanin da ba a iya tsaro sosai ba, irin na Anderssen da Kieseritzky na Landan a 1851, inda baƙi ya tahi cin tur biyu da sarauniyarshi da fu ɗinshi ya bar gida ba kowa. Daɗin kallo kam akwai, amma sakamakon shi ne akwai lokacin da duk gurup ɗin ya kamu da ciwon jefa fu a h7. Ka shiga wasa da ɗan gurup, taku goma ba a yi ba fu ya faɗo h7, ko da dalili ko babu. Wanga salo tsoho ne, tun rubuce-rubucen Greco ɗan Italiya a farkon shekarun 1600 ake ganinshi, kuma shina da sharuɗɗa: dokinka shi samu g5 ba a cinye shi ba, sarauniya ta samu h5, dokin baƙi ba ya f6 kuma ba zai iya dawowa ba, shi ya sa piyon a e5 ke da muhimmanci, fu ɗin baƙi kada shi samu f5 shi kare h7, sannan dole ka lissafa abin da za ka yi in sarki bai koma g8 ba ya fito g6, don nan ne mafi yawa ke ruɗewa. In sharaɗi guda ya ɓace ka yi kyautar fu a banza. Malam ya yi bayanin duk wannan amma bayan ɓarna ta riga ta yaɗu. Daga baya ya kawo partin Capablanca da Marshall na New York a 1918, inda Marshall ya ba da piyon ya taso da hari mai ban tsoro, Capablanca ya tsaya ya kare taku bayan taku har guguwar ta wuce ya ci wasan, kuma a nan kujerar mai tsaro ya zaunar da mu. Ya kuma kawo na Kasparov da Topalov na Wijk aan Zee a 1999, ya tsaida mu bayan Kasparov ya ba da tur a d4 a taku na 24, ya ce ku ne Topalov, za ku ci ko ba za ku ci ba? Topalov ya ci, sarkinshi ya sha kora tun daga gefenshi har layin farko na gidan fari, alhali da ya ƙi ci ya matsa da sarki b6 da wasan bai lalace ba. Irin waɗannan biyun nike so a ƙara. A ganina ko wane parti uku ya kamata guda shi zama wanda harin ya ci tura, ko wanda amsar daidai ita ce kada ka kai hari tukuna, ka ƙara kawo tur. Har yanzu ba a kai haka ba, kuma wannan shi ne babban abin da zan rage ma darasin maki a kai.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma gara ku sani. Vokal ɗin Malam na da tsawo, wani ya kai minti goma sha, kuma yakan yi shi a waje iska na busawa ana jin moto na wucewa, in rezo ba kyau ko forfe ya kusa ƙarewa sai ka kwana ba ka ji amsa ba. Da zai riƙa rubuta takun a ƙasa ko a layi biyu da ya taimaka. Rubutun takun kuma da haruffan faransanci yake yi, C na doki, F na fu, T na tur, D na sarauniya, wanda ya saba da na turancin Ingila sai ya ɗan sha wuya kafin shi saba, akwai ɗan Katsina guda a gurup ɗin da ya yi ta tambaya a farko. Bayanin baki dai da Hausa ne tsantsa, kuma wannan babban abu ne, don yaran da faransancinsu bai nuna ba suna bi daidai da kowa. Wani lokaci in aiki ya yi mishi yawa amsa kan makara kwana guda ba sanarwa. Zaman asabar kuma allo guda ne, in mutane sun yi yawa na baya ba ya ganin komi, ga shi magariba na yi an tashi ko an gama ko ba a gama ba. Ƴan mata biyu na cikin gurup kuma suna turo amsoshi masu kyau ƙwarai, amma ba sa zuwa zaman tunda ƙofar gida ce cike da maza, ya kamata a nemi aji a wata lakol ko wani wuri da kowa zai iya zama.

Akwai kuma masu sa pozisiyon a Stockfish, injin da ke lissafa takun da ya fi, su kwafo amsa su turo. Wannan ba laifin Malam ba ne, kuma “don mi?” ɗin nan nashi na kama su, don injin zai ba ka taku amma ba zai ba ka bakin bayani ba. Dokarshi ita ce kada a buɗe inji sai bayan ka turo naka, daga nan shi da kanshi yakan ce a duba, har wani lokaci injin shi nuna hanyar da ta fi ta gwanin, kuma ba ya ɓoyewa, yakan ce ga shi nan an samu wadda ta fi. Wannan ya ƙara mini yarda da shi.

In kana tambaya ko ba za ka iya yin duk wannan kai kaɗai kyauta ba, za ka iya mana. Duk partin da na ambata suna nan a intanet, ka ɗauko guda ka ruhe takun gaba da takarda ka yi ta gwadawa. Abin da kake biya ma jikka biyu shi ne zaɓen wurin tsayawa, da mutumin da zai saurari dalilinka shi ce maka nan ka yi daidai nan kuma ka tsallake wani abu, da kuma jin yadda wasu goma sunka kalli allo guda kowa da abin da idonshi ya kama. Amsar Baba Alhaji da ta yaron nan ɗan kolej ba za ka same su a bidiyo ba.

Wanda bai gama sanin tahiyar kayan wasan ba, ko har yanzu shina barin sarauniya a ci ba dalili, kada shi shiga tukuna, zai biya ne kawai shi yi kallo, gara shi fara da warware ƙananan matsaloli na taku ɗaya da biyu har idonshi shi buɗe. Wanda kuma ke neman a koya mishi buɗe wasa ko ƙarshen wasa, babu su a nan ko kaɗan, Malam ya faɗa tun farko. Amma in kana cikin masu fitar da kaya lafiya lau, ku kai tsakiyar wasa ka rasa abin yi ka yi ta kai da komo har lokaci shi cinye ka, to kai aka yi ma shi. Ka nemi allo na hannu ko na leda ne, don bin parti a ekran ɗin portabul na sa yatsa gaggawar danna gaba, ka sayi kaye guda da bik ka riƙa rubuta amsarka da dalilinka kafin ka tura, kuma in ka shiga ka roƙi Malam shi sa ka cikin masu samun parti marar alama tun watan farko, in ya ga kana turo dalili yakan yarda.